Mai Amsa ta Bakwai

Shekara sha tara ina jinya a Aberdeen,
garin da aka sassaƙa daga dutse mai ruwan toka,
sannan na koma aji da furfura a goshi,
kowace Laraba, bayan aikin dare,
warin asibiti bai gama barin rigata ba.

Malama Farquharson ta rubuta a allo:
larurar ɗabi'a.
Ta ce, "Kafin ku buɗe littafi,
ku faɗa mini sunan da kuke kiran su
a ɗakin shan shayi, in an rufe ƙofa."
Aka yi tsit.
Na san nawa: mai neman a kula ta.
Sau nawa na faɗe shi a ciki
ina naɗe hannun da na naɗe makon jiya?

Wata huɗu kwamitin ɗa'a ya riƙe takarduna.
Sau uku suna dawo da su:
in ta yi kuka fa?
In ta ce a tsaya?
Ina za ki ajiye muryarta, makullin yana hannun wa?
Na yi ta tsaki a motar haya.
Sai daga baya na lura
ban taɓa yi wa kaina waɗannan tambayoyin ba
a bakin gadon kowa.

A takarda ba ta da suna, haka ƙa'ida ta ce.
Mai amsa ta bakwai.
Ta ce, "In dole ne, ki sa mini Greer.
Sunan kakata ne.
Ita kaɗai ce ba ta tafi ba
sai da ƙasa ta kira ta."

Minti hamsin da biyu muka yi.
Awa tara na kwashe ina juye su a takarda,
ina mayar da muryarta baya, ina sake mayarwa,
shayi ya huce, tsuntsayen teku na ihu kan rufi.
A tsakiya akwai shiru na daƙiƙa arba'in da ɗaya.
A ɗakin majinyata da tuni na cike shi
da "yi haƙuri," da "ga maganinki."
Na'ura ta bar shi yadda yake,
har na ji yadda take haɗiye yawu
kafin ta ce,
"Ke ma za ki tafi in kin sami digirinki."

An koya mana rarraba magana da alƙalamai masu launi:
rawaya na tsoro, kore na fushi.
Wannan jimlar ta sha duka biyun
har takardar ta huje.

Na kai wa Malama.
Ba ta dubi takardar ba, ni ta duba.
"Ke me kika ji?"
Na ce, "Na ji kamar in tattara jakata in gudu."
Ta ce, "Rubuta. Shi ma bayani ne.
Haka take sa ran kowa zai ji."

An ce hali zanen dutse.
Na yarda da haka rabin rayuwata,
ya kuwa sauƙaƙa mini barci.
Amma ka sauka tashar jiragen ruwa ka dubi matakala:
dutsen nan ne dai,
ƙafar masunta ta lotsa tsakiyarsa
ba tare da wani ya ɗaga guduma ba.

A watan Maris na mayar mata da rubutun ta duba,
shi ma sharaɗi ne a cikin binciken.
Ta karanta da fensir a baki,
ta tsaya a shafi na sha huɗu.
"Nan kin yi kuskure, Ishbel.
Ban ce ba zan iya ba.
Cewa na yi ban iya ba tukuna."

Na koma gida na kunna na'urar.
Kalmar tana nan, ƙasa-ƙasa,
ƙarar wata mota ta bi ta kanta.
Sau shida na saurari wurin a baya
ban ji ta ba.